Yadda mai bi zai haɗa bangaskiya da biyayya, daga bakin wani tela

Ni tela ne, na fi shekara goma sha huɗu a kan keke, ranar Lahadi da yamma kuma ni ke riƙe da ajin baftisma a majami'armu. Duk shekara sai an samu wanda zai ɗaga hannu ya yi mun tambayar nan, wai malam in dai ta wurin alheri aka cece mu ba don ayyukanmu ba, to wahalar me muke sha da biyayya? Wasu neman sani suke yi tsakani da Allah, wasu kuwa kana kallon idonsu ka san lasisi suke nema. Da can ayoyi nake jero musu su yi ta gyaɗa kai su fita yadda suka shigo, yanzu kam sai na haɗa da labarin shagona duk da akwai abin kunya a ciki, don a can na koyi abin. Ga yadda nake bi da su, ko zai yi wa wani amfani.

Fara sa kowanne a mazauninsa

Buɗe Afisawa 2 ka karanta daga aya 8, amma don Allah kar ka tsaya a 9, nan ne mutanenmu suke rufe littafi su ce amin. Aya 8 da 9 sun ce ceto kyauta ce ta Allah ta wurin bangaskiya, ba wanda zai bugi ƙirji wai aikinsa ne. Aya 10 kuma tana nan manne da su, tana cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mu yi. To ka ga jerin, ceto tukuna sannan aiki ya biyo baya. In ka juya su ka koma ɗan ƙwadago a gidan Ubanka, kullum kana lissafi ko yau na yi abin da ya isa, barci ma ba za ka yi mai daɗi ba. In kuma ka yanke na biyun ka yar, ka zama yaron nan da uwarsa ke ƙwala wa kira yana amsa na'am daga ɗaki amma ƙafarsa ba ta motsa ba.

Hausar ma ta taimake mu. Me muke kiran kanmu? Masu bi. Biyayya kuma daga wannan bi ɗin ta fito, sai dai wasunmu sun ɗauke ta kamar daga biya take, wato ana binka bashin ceto kana ragewa da kaɗan-kaɗan kamar kuɗin adashe. Sannan in aka ce yaron nan ba ya ji, kowa ya san ba kurma ake nufi ba, kunnensa ƙalau, maganar ce ba ta sauka ƙafarsa. Yesu ya yi irin wannan tambayar a Luka 6:46, don me kuke ce mun Ubangiji, Ubangiji, amma abin da na faɗa ba kwa yi.

Akwai masu ganin kamar Bulus da Yakubu rigima suke, ɗaya ya ce bangaskiya ba tare da ayyukan shari'a ba, ɗaya ya ce bangaskiya in ba ayyuka matacciya ce. Ba yau aka fara wannan tunanin ba, shi kansa Martin Luther, Bajamushen nan da ya tayar da gyaran ikkilisiya a 1517, wasiƙar Yakubu ba ta kwanta masa sosai ba. Ni dai abin da ya warware mun shi ne na lura su biyun mutum ɗaya suke nunawa, Ibrahim, amma a ranaku daban. Bulus a Romawa 4 ya kai mu Farawa 15:6, daren da Ibrahim bai yi komai ba illa ya gaskata alkawarin ɗa, aka lasafta masa adalci. Yakubu 2 ya kai mu Farawa 22, bayan shekaru masu yawa, ranar da ya tashi da sassafe ya ɗaura wa jaki sirdi ya faskara itace ya kama hanya da Ishaku. Bangaskiyar daren nan ce ta ɗaura wa jakin nan sirdi. Bulus ɗin ma da kansa ya buɗe Romawa da maganar biyayya ta bangaskiya a 1:5 ya kuma rufe da ita a 16:26, to ina rigimar.

Nemo abin da ka riga ka sani

Kuskuren da muke yi shi ne mu zauna muna addu'ar Allah ya nuna mana nufinsa, wa zan aura, in koma Abuja ko in zauna, alhali akwai abu ɗaya a gabanmu da muka daɗe da sanin nufinsa a kai muna kewaye shi kamar kududdufi. Ɗauki biro da takarda ka tambayi kanka, mene ne in fasto ya taɓo shi a wa'azi sai in ji cikina ya ɗuri ruwa in fara duba waya? Wannan shi ne naka. Guda ɗaya za ka rubuta, in ka jero goma ba ko ɗaya da za ka yi.

Nawa ƙarya ce, ƙaryar teloli, zo jibi. Wata shekara a Disamba na karɓi ankon matan zumunta ga kayan Kirsimeti na yara ga na biki biyu, atamfa turmi-turmi har saman tebur, na san ko zan kwana a kan keke ba zan gama ba amma duk wanda ya shigo da leda sai in ciro tef in yi awo in karɓi kafin alƙalami. Akwai wata mama, matar ɗaya daga dattawanmu, tun farkon wata ta kawo ɗinkin jikokinta uku. Sau huɗu tana hawa acaba tana zuwa, sau huɗu ina da labari, yau an ɗauke wuta, gobe yaron shago ne bai zo ba, har da cewa yana wajen mai guga alhali yadin na nan ƙarƙashin tebur ko almakashi bai gani ba. Zuwanta na ƙarshe ana gobe Kirsimeti ne, ta sunkuya da kanta ta jawo ledarta daga ƙarƙashin teburin, ta kakkaɓe ƙura, ba ta ɗaga murya ba ta ce mun "ɗana, da tun farko ka ce ba za ka iya ba ai da na gode maka." Na ce mama ki yi haƙuri, ta ce ba komai, ta fita. Ranar Kirsimeti ina zaune ina kallon yaran nan uku sun shigo sujada da tsofaffin kayansu, ni kuma makonni kaɗan kafin nan na tsaya gaban aji na koyar da Matiyu 5:37, i ɗinku ya zama i, a'a ɗinku ya zama a'a.

Bi saiwar, kar ka tsaya kan ganye

Nan ne wurin da nake so ka fi daɗewa. Bayan abin nan na yi alkawari wa kaina ya fi a ƙirga cewa na daina, mako biyu sai in koma, don ina ta fama da bakina alhali ciwon ba a baki yake ba. Wata rana na zauna na tambayi kaina, wai ni me ya sa ba na iya ce wa kwastoma a'a? Amsar da ta fito ba ta yi mun daɗi ba. Tsoro nake ji. In na mayar da ɗinki zai kai wa na kusa da ni, ba zai dawo ba, Janairu na tafe da kuɗin makaranta da kuɗin haya, kasuwa kuma ta mutu bayan biki. Wato a can ƙasan zuciyata ban yarda Allah zai ciyar da gidana in na faɗi gaskiya ba, na fi yarda da ƙaryar. Ranar Lahadi ina rera waƙar dogara gare shi, ranar Litinin kuma zo jibi ce ke riƙe da ni. Matiyu 6 daga aya 25 zuwa 33, maganar tsuntsaye da furannin jeji, na haddace ta tun makarantar Lahadi amma ba ta taɓa shiga shago tare da ni ba.

To haka za ka yi da naka. Ka ɗauki abin da ka rubuta ka tambaya, in na yi biyayya a nan me nake tsoron zai same ni? Sannan, wane abu Allah ya faɗa game da kansa da ban yarda da shi ba? Mai mudu biyu a kasuwa, na saye daban na sayarwa daban, bai yarda riba ta gaskiya za ta ishe shi ba. Wadda ta shekara uku ba ta gaisa da matar wan mijinta saboda maganar da aka yi a gidan makoki, sau da yawa tsoronta shi ne in ta yafe an ci bulus ke nan, ba ta yarda Allah ya gani kuma shi ne mai sakamako ba, Romawa 12:19. Saurayin da ke kwana ɗakin budurwarsa suna cewa ai za mu yi aure, shi ma akwai abin da bai yarda da shi ba. In ka gano wurin, ka nemi ayar da ta yi magana a kai, ka kai ta addu'a ba kwana-kwana, irin ta uban yaron nan a Markus 9:24 da ya ce na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata. Addu'ar nan gajeriya ce, ana iya yin ta ƙafa na kan keke.

Kar ka jira sai ka ji a jikinka

Mutane suna cewa ina jira Ruhu ya motsa ni. Ɗan'uwa, in an riga an rubuta abu ɓaro-ɓaro ba sai ka ji sanyi a bayanka ba. Bitrus a Luka 5 ya kwana yana jefa taru bai kama ko ƙaramin kifi ba, ya gaji, ya ma wanke tarunan, kuma shi ne masunci, Yesu da ke ba shi umarni kuwa ɗan masassaƙi ne, ya faɗi ra'ayinsa a fili sannan ya ce amma tunda kai ka faɗa zan saki. Na'aman a 2 Sarakuna 5 da fushi ya juya, yana ƙorafin kogunan Dimashƙu sun fi Urdun, barorinsa ne suka lallashe shi ya shiga ya nutsa sau bakwai. Ba wanda a cikinsu ya je da murna, murnar daga baya ta same su. Don haka ka sa rana da lokaci, kamar yadda za ka sa wa asibiti. Gobe bayan sujadar safe zan kira shi. Asabar zan kai kuɗin. Ka faɗa wa mutum ɗaya don ya tambaye ka.

Ni ranar 27 ga wata na je gidan maman nan, ƙafata kamar an ɗaura mata dutse, na durƙusa na gaishe ta da baba, na mayar da kuɗinta. Na lura harshena na ta neman ya ce "abubuwa ne suka yi yawa mama", da ƙyar na danne na ce mama ƙarya na yi miki sau huɗu, ban taɓa kayan ba. In za ka nemi gafara ka kira abin da sunansa, ka bar irin "in na ɓata miki rai" ɗin nan, in ɗin me, ai ka san ka ɓata.

Rabin biyayya

Wannan ya fi kama mu masu zuwa coci kullum. Sarki Saul a 1 Sama'ila 15 an aike shi kan Amalekawa, ya yi yawancin abin da aka ce, ya rage sarkinsu Agag da dabbobi masu ƙiba, da Sama'ila ya iso har yana tarbarsa da cewa na cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya ce to kukan tumakin nan da nake ji fa? Sai ya ce ai na hadaya ne. Nan aka ba shi amsar da duk muka sani, biyayya ta fi hadaya.

Tumakina ni ragowar yadi ne. Turmin atamfa yadi shida ne, wani ɗinkin biyar ya ishe shi, sauran sai ya shige buhun da ke bayan ƙofa, daga baya ya zama rigar yara ko a haɗa a sayar, kowane tela ya san wannan buhun kuma mun ba shi suna mai daɗi, ƙyalle. Yadi guda cur ba ƙyalle ba ne. Na gyara maganar alkawari amma na bar buhun, kuma abin dariya lokacin ne na fi kowa zuba baiko da yawa, ranar godiyar kaka har da rawa zuwa gaba. Matiyu 5:23 da 24 ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka ajiye, ka je ku shirya tukuna. Zakka mai karɓar haraji a Yariko bai ce zai ƙara sadaka kawai ba, ya ce wanda na cuta zan mayar masa ninki huɗu. Ban iya gano masu dukan yadin da ke buhun ba, waɗanda na gane na mayar, wata ma dariya ta yi ta ce ashe ana ragewa, sauran na ɗinka wa marayun unguwa, daga ranar kuma duk abin da ya rage sai in naɗe in sa cikin ledar mai kaya. Idan abin da ka ci kuɗi ne kuma ya fi ƙarfinka a yanzu, je ka faɗa, ku yanka yadda za ka riƙa biya wata-wata, kar ka jira sai ka tara duka don ranar ba ta zuwa.

Wa kake wa biyayyar?

Dole in taɓo wannan don an cuci mutane da yawa da kalmar nan. Littafi ya ce mu girmama iyaye, mu yi biyayya ga shugabanninmu na ikkilisiya, Ibraniyawa 13:17, ba na wasa da wannan. Amma in wani ya ce maka ka sayar da kekenka ka kawo masa kuɗin a matsayin iri, in ba haka ba ka yi wa Allah rashin biyayya, ko ya ce ki daina shan maganin da likita ya ba ki don nuna bangaskiya, tambaye shi a ina aka rubuta, ka buɗe ka karanta sama da ƙasan ayar. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi suka koma suna bincika Littattafai kowace rana ko haka ne, aka kuma yabe su. Mu da muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, yau ma ga shi a waya har da na saurare ga wanda bai iya karatu ba, ba mu da hujjar a ja mu da hanci. Inda kuma umarnin mutum ya yi karo da na Allah, oga ya ce ka sa hannu a takardar da ka san ƙarya ce, manzanni sun riga sun amsa a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa dole mu yi wa Allah biyayya fiye da mutum. Ka ƙi cikin ladabi, ba sai ka yi masa wa'azi a ofis ba.

Sannan ka bambanta tsarin majami'arku da umarnin Ubangiji. Launin anko da layin da maza ke zama da tsawon lokacin sujada tsari ne, ka bi don zaman lafiya, amma kar ka auna bangaskiyar ɗan wata ɗarika da su.

Ba ciniki ba ne

Zan so in ce maka daga ranar da na daina ƙarya kwastomomi suka yi layi. Ba haka aka yi ba. Disamba ta gaba na mayar da ɗinki da yawa, wasu suka yi fushi suka koma wurin maƙwabcina wanda har yau zo jibi yake ce musu kuma shagonsa ya fi nawa cika, Janairu ɗin nan sai da matata ta ɗauko kuɗin adashenta muka biya wa yara makaranta. Ba mu kwana da yunwa ba, iyakar shaidata ke nan, ba zan ƙara gishiri ba. Masu karanta Ibraniyawa 11 su kan tsaya wurin waɗanda suka rufe bakin zakoki, ka ci gaba zuwa aya 35 har 38 ka ga waɗanda aka jefe da duwatsu, aka tsaga da zarto, suka yi yawo cikin fatun awaki, su ma ta bangaskiya ne.

Tarihinmu ma haka ya fara. A Disambar 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 biyu suka mutu da ciwo, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba su ga ko majami'a ɗaya ba. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya sake mayar da shi, sai a 1902 aka samu aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aikin na ƙungiyar mishan da ake kira SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Da ana auna biyayya da sakamakon shekara ɗaya da an ce waɗancan biyun asara suka yi.

In ka faɗi

Za ka faɗi, ni ma ko watan jiya bakina ya suɓuce na ce wa wani Laraba alhali na san sai Juma'a, yana fita na bi shi da waya na gyara. Abin da za ka kiyaye shi ne kar faɗuwar ta mayar da kai wurin lissafi, ka ce bari in ɗan yi azumi in gyaru tukuna sannan in koma gaban Allah, ka ƙaurace wa Jibin Ubangiji wata shida kana hukunta kanka. 1 Yahaya 1:9, ko Yohanna in wata fassarar ce a hannunka, ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta, ranar za ka koma ba sai mako ya zagayo ba. Bitrus sau uku ya yi musun Yesu, a Yahaya 21 sau uku aka tambaye shi kana ƙaunata, kuma kowace amsa aiki ne ya biyo ta, ka yi kiwon tumakina. Ga kuma 'ya'ya biyun nan na Matiyu 21, wanda ya ce ba zan je gona ba daga baya ya tuba ya tafi, shi aka ce ya yi nufin uban, don haka in ka daɗe kana cewa a'a ƙofa ba ta rufe ba.

Ka samu mutum guda wanda ba ya jin nauyinka. Nawa wani dattijo ne tsohon direba, in mun haɗu bayan sujada ba ya tambayata ya ruhaniya, cewa yake "malam, kayan wa ke ƙarƙashin tebur?" Shi ya ba ni shawarar in sayi littafi mai layi in riƙa rubuta kowane ɗinki da ranar da na yi alkawari a gaban mai kayan, in na ƙirga na ga mako ya cika in rufe. Bana tun 6 ga Disamba na rufe, na rubuta da alli a ƙofa ba a karɓar ɗinki sai Janairu, wata ta tsaya ta karanta ta shigo duk da haka da ledarta tana cewa haba ɗan'uwa riga ɗaya ce fa ta jaririya, hannuna har ya kai kan tef. Na kwatanta mata shagon wata yarinya da na koya wa ɗinki a bayan kasuwa, na kira ta a waya na ce ga mai kaya nan zuwa.